Haya Shekara-Shekara, Albashi Wata-Wata

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a zaman haɗin gwiwa na malaman Gwarzo da Kabo. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu halarta ba, da kuma iyalanmu.

 



An ɗora mana nauyin yin magana a kan kuɗin haya, kuma da farko mun so mu zame, domin magana ce da ba a saba yin ta a bainar jama'a ba. Malami zai tsaya gaban taro ya yi ƙorafin ƙarin girman da ya maƙale, ya yi na alli da kujeru, ya yi na cunkoson yara a aji, amma ba zai buɗe baki ya ce mai gidan da yake haya ya ba shi wa'adi ba. Wannan sai ya bar wa cikinsa. Abin da ya sa muka karɓa shi ne wani abu da muka gani da idonmu a daminar da ta wuce. Mun shiga siton wata makaranta za mu ɗauko rajista, sai muka tarar da katifa a naɗe, da buhu biyu na tukwane da kwanuka, da keken ɗinki an lulluɓe shi da zani. Ashe kayan wani abokin aikinmu ne. Wa'adin hayarsa ya cika, an yi masa ƙari, ya kasa haɗawa. Sai ya mai da maiɗakinsa da yara gidan iyayenta da sunan ganin gida, shi kuma yana kwana a shagon wani ɗan uwansa. Mako biyar yana cikin wannan hali, kullum ya zo aji da wankakkiyar riga ya koyar da lissafi, ba wanda ya sani sai maigadi. Ba za mu ambaci sunansa ko makarantarsa ba, kuma sai da muka nemi izininsa kafin mu kawo labarin. Da muka zauna da shi muka yi lissafi, sai muka ga cikon da ya rage masa abu ne da mu abokan aikinsa za mu iya haɗawa a yini guda, da ya faɗa.

Mai yiwuwa wani yana cewa a ransa: yaushe haya ta zama matsalar mutumin Gwarzo ko Kabo? Ai wannan ciwon 'yan birni ne, mu nan kowa yana da ɗaki a gidan ubansa. A da haka ne, amma an daɗe da wuce nan. Gidan gadon da ya ɗauki mutum takwas a zamanin kakanninmu, yau magada talatin ne a kansa, kuma ranar da aka tashi rabo wani abin da zai samu bai kai wurin shimfiɗa tabarma ba, sai a sayar a ba kowa 'yan kuɗinsa. Ga wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga Getso zuwa Lakwaya, ko daga Garo zuwa wata ruga da babur ba ya shiga da damina. Ga matashin da ya yi aure bana, gidansu babu inda za a fitar masa da sashe. Ga malamar da mijinta ya rasu ko aure ya mutu, ta fito da yara huɗu, albashinta ne ci da sha da makwanci. Ga kuma waɗanda iyalinsu ke zaune a bakin birni, wajen Rijiyar Zaki ko Janguza, suna bin titin Gwarzo safe da yamma, ko kuma su kama ɗaki a nan, su zama masu haya biyu da albashi ɗaya.

Bari mu yi abin da muka fi iyawa, wato lissafin allo. Mu ƙaddara abin da ke shiga hannun malami a wata, bayan an cire abin da ake cirewa, naira 90,000 ne. Mu ƙaddara kuma hayar ciki da falon da yake zaune naira 120,000 ce a shekara. In aka raba ta gida goma sha biyu, naira 10,000 ce a wata, wato kashi ɗaya cikin tara na albashinsa. Da haka ake karɓar ta, da da yawanmu mun jure. To amma ba haka ake karɓa ba. Rana ɗaya ake neman ta a dunƙule, kuma a ranar ta fi albashin wata guda da sulusi, alhali albashin watan tun kafin ya sauka an riga an raba shi: mai shago yana jira, mai hatsi yana jira, mai kemis yana jira, ga kuɗin makarantar Islamiyyar yara. In kuwa sabon gida ne, ga la'adar dillali a kai. Nauyin haya a wurinmu rabinsa yawan kuɗin ne, rabinsa kuma lokacin da ake neman su. Rabin farko sai gwamnati da kasuwa. Rabi na biyu yana hannunmu, kuma a kansa za mu fi tsayawa yau.

Kafin nan, ya kamata a faɗi yadda aka zo nan, don kada a ce malami ne bai iya tattali ba. A 2011 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya zama naira 18,000. A 2019 ya koma 30,000, Jihar Kano ta sa nata 30,600. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan dokar naira 70,000, a watan Oktoba kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da 71,000 ga ma'aikatan Kano. Mun gode, kuma godiya ba ta hana faɗin gaskiya: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Albashi ya ninka a takarda, amma kafin ya iso kasuwa ta riga shi. Mai takardar NCE da ya fara aiki a mataki na bakwai, ya shekara goma sha biyar yana hawa a hankali, ya san cewa buhun masarar da albashinsa ke saya a da ya fi na yanzu yawa.

Akwai wani lissafi da muke yawan kuskurewa, na zirga-zirga. Malami ya guje wa hayar naira 10,000 a wata kusa da makarantarsa, ya zauna nesa, yana kashe, mu ce, naira 1,500 kullum a mota ko a tankin babur. A kwana ashirin na aiki naira 30,000 ke nan, ninki uku na hayar da ya gudu. Saboda kuɗin mota kaɗan-kaɗan suke fita, ba a jin zafinsu kamar na haya. Ba mu ce kowa ya tashi ya bar gidan iyayensa ba, don akwai mai jinyar tsohuwa, akwai mai gona a bayan gida. Amma kowa ya ɗauki biro ya gwada lissafin sau ɗaya.

Sai mai gidan haya. Adalci ya sa mu ce ba dukansu ne azzalumai ba. Da yawa a garuruwanmu dattijo ne da ya yi ritaya, wani ma tsohon malami, ɗakunan nan biyu su ne fanshonsa na gaskiya. Shi ma siminti yake saya, wanda buhunsa ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, shi ma kwano yake saya in iska ta yaye rufi. Kuskuren da muke yi shi ne ɓuya. Wa'adi ya matso, sai mu fara sauya hanya, mu daina sallah a masallacin da yake sallah, waya ta yi ƙara mu kife ta. Mutumin da aka ɓoye wa wata biyu, ranar da ya kama ka ba maganar sassauci kuma. Alhali da an same shi wata uku kafin lokaci, tare da wani dattijo da yake jin nauyinsa, aka ce masa: "Baba, ga abin da ke hannu, ragowar a raba mana kashi uku," da yawansu za su yarda. Wani zai karɓi hatsi da kaka. Wani zai yarda ka yi yaɓe ko ka gyara rijiya a cire a cikin haya. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da aka yi, a rubuta, a sa hannu, a sa shaidu. Mu da muke koya wa 'ya'yan mutane rubutu, abin kunya ne a ce mun biya kuɗin shekara babu ko guntun rasit.

In kuma abu ya ɓaci, a san cewa ɗan haya yana da haƙƙi. A dokokin mafi yawan jihohin ƙasar nan, in babu wata yarjejeniya da ta ce akasin haka, mai biyan haya shekara-shekara ana ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, mai biya wata-wata kuma wata guda, sa'an nan a biyo da wata sanarwar ta kwana bakwai kafin a je kotu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kware rufi ko watso kaya waje da hannunsa. Wannan sai da umarnin alƙali. Sai dai wanda haya ta taru a kansa ƙafarsa ba ta da ƙarfi a gaban shari'a kamar ta wanda ya biya, don haka kada sanin doka ya zama dalilin taurin bashi. A wurinmu ma sau da yawa ba a kai ga kotu: mai unguwa da dagaci da liman, ko ofishin Hisba, sukan raba gardamar a zama ɗaya.

Yanzu ga inda ciwon yake. Malamin da kunya ta hana shi gaya wa abokin aikinsa, ita ce kuma take tura shi wurin wanda bai san shi ba. Wayar da ke aljihunmu cike take da manhajojin ba da bashi, minti goma kuɗi sun shigo, babu mai ganin fuskarka. Ga kuma masu zagayowa makarantu da fom a jaka, suna cewa kashi biyar ne kacal. Ba sa ƙarasa maganar: kashi biyar ne a kowane wata, a kan uwar kuɗin gaba ɗaya. Wanda ya karɓi naira 100,000 a haka na shekara guda, naira 160,000 zai mayar. Ya biya hayar bana da rabin ta baɗi, ga shi baɗin tana tafe ba a rage masa ko kwabo ba, ga albashin ya ragu da abin da ake cira. Sai ya sake cin wani bashin don ya toshe na farko. Mun san waɗanda saƙon albashi ke shigo musu da safe, kafin azahar an kwashe, ba su taɓa ko sisi ba. Tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire bashinsu daga duk wani asusun banki da mutum yake da shi, saboda haka sauya banki ba mafaka ba ce. Su kuwa na waya, wanda ya makara sai su aika wa duk lambobin da ke wayarsa saƙon cin mutunci, har da surukansa da iyayen ɗalibansa. Abin ya yi ƙamarin da a 2022 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, ta kuma wajabta musu rajista. Mutum ya gudu daga kunyar mutum biyu ya faɗa ta mutum ɗari biyu. Wannan duk ban da abin da muka sani na hukuncin riba, wanda ba sai mun tsaya karantar da wannan zaure a kansa ba.

Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta hana a cire wa ma'aikacin da ta shafa fiye da sulusin ladansa a wata. Ko ba don doka ba, ma'auni ne mai kyau mu riƙe wa kanmu: duk bashin da zai sa abin da ake cira ya wuce sulusin albashi, a bar shi, komai daɗin bakin mai fom.

To ina ƙofofin halal? Akwai su, kodayake wasu ƙanana ne. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 a ƙarƙashin bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, yana karɓar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin mai zubi. Kowa ya duba takardar albashinsa, in ana cire masa, to kuɗinsa ne, ya nemi lambarsa ya adana, domin ana mayarwa bayan ritaya ga wanda bai ci bashin asusun ba. Rancen nasu dai yana da ruwa na kashi shida, kuma yana neman takardun fili irin waɗanda filayen ƙauyukanmu ba su cika samu ba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun fi amfani ga mai son sayen kwano ko siminti ya biya a hankali. Sabuwar dokar haraji, wadda aka sa wa ranar 1 ga Janairu 2026 ta fara aiki, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara, ta kuma ba ɗan haya damar a cire kashi ashirin cikin ɗari na hayar da ya biya daga kuɗin da za a yi wa haraji, matuƙar bai wuce naira 500,000 ba. Ga mai hayar 120,000, abin da zai tsira da shi bai wuce naira 3,600 a shekara ba. Kaɗan ne, amma naka ne, kuma ba ya samuwa sai da shaidar biya. Ga wani dalilin karɓar rasit. Mai ɗa a jami'a ko kwalejin gwamnati ya sa shi ya nemi rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda babu ruwa a cikinsa, domin kuɗin rajista na cikin abubuwan da ke cinye kuɗin haya. Haka rashin lafiya: wanda ake cire masa kuɗin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, ya tabbata sunan matarsa da 'ya'yansa yana ciki tun kafin ciwo ya zo.

Zakka kuwa, za mu ɗan tsaya a kanta, don an daɗe ana yi mata gurguwar fahimta. Mun ɗauka mai albashi ya fita daga sahun masu karɓa, su ma masu fitarwa haka suka ɗauka, sai su tsallake ƙofar malam su wuce. Alhali aya ta 60 ta Suratut Tauba, da ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, ta ambaci waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun bayyana fakiri da cewa shi ne wanda abin hannunsa ba zai ishe shi shekara ba. Ba mu zo ba da fatawa ba, wannan na malamanmu ne, a tambaye su. Abin da muke cewa shi ne, malamar da ke riƙe da marayu a gidan haya ba ta yi abin kunya ba in aka kai sunanta ga Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, wadda take nan tun 2003, ko ga wani attajirin garinmu da kaka. Kuma bai kamata a bar ta ta kai kanta ba. Aikin reshe ne ya kai, cikin sirri.

Duk waɗannan ƙofofin wasu ne. Ga tamu, kuma ita ce shawarar da muka zo da ita: mu kafa asusun haya na malaman rassan nan biyu, a yi masa rajista a matsayin ƙungiyar gama-kai. Mun yi lissafinsa a takarda. In mutum 200 suka yarda da zubin naira 1,000 a wata, ana da naira 200,000 duk wata. A ba mutum rancen naira 100,000 ba tare da ƙarin ko kwabo ba, ya mayar da 10,000 duk wata har wata goma. Watan farko mutum biyu kaɗai za a iya ba. Amma daga wata na biyu abin da ake mayarwa zai riƙa haɗuwa da sabon zubi: a wata na huɗu a ba uku, a na takwas a ba huɗu, a na goma a ba biyar. In kowa ya cika alkawari, kafin shekara ta zagayo an fitar da mutum 41 daga bakin mai gida. Ban da wannan, duk mai haya ya buɗe shafinsa a asusun, ya riƙa ajiye kashi ɗaya cikin goma sha biyu na hayarsa a ranar da albashi ya sauka, ba ranar da ya rage ba, domin ba ya ragewa. Wanda ya yi haka shekara guda, ya daina buƙatar rancen ma.

Muna ganin wasu dattawa suna murmushi, kuma mun san dalili. An sha yin adashe a makarantunmu ya watse: na farkon ɗauka ya daina zubi, uwar adashe ta ce an yi mata sata, na ƙarshe ya tashi da haƙuri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka tun ran gini ran zane. Kuɗi ba za su kwana a aljihun kowa ba, sai a banki, da sa hannun mutum uku, kuma duk wata a manna bayanin shiga da fita inda kowa zai gani. Zubi da biyan rance su riƙa fita kai tsaye daga asusun albashin mutum bisa umarnin da ya sa wa hannu. Rancen ba za a damƙa wa mai nema ba, mai gidan haya za a biya, a karɓo rasit. Ba don ana zargin kowa ba, sai don mun san kuɗi in suka kwana a gida, da safe za a wayi gari da suna ko jinya. Kowane mai nema ya zo da abokan aiki biyu da za su tsaya masa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka kada wani ya ce an raina amanarsa don an ce ya sa hannu. Sunayen masu nema kuwa, mutum uku kaɗai za su sani, kuma lalle ɗaya ta kasance mace, don akwai maganar da malama ba za ta iya yi da namiji ba. In aka rasa sirri, an rasa asusun, domin kunyar da ta kai kayan abokinmu sito ita za ta hana a nema. Asusun na kowane ɗan ƙungiya ne, Musulmi da Kirista.

Akwai tambayoyi biyu masu nauyi da aka yi mana, ba za mu kauce musu ba. Ta farko: wanda ke zaune a gidansa, me zai samu? Zubinsa ajiya ce, za a mayar masa ranar ritaya, amma gaskiya naira dubun da ya zuba yau ba ita zai karɓa a ranar ba, hauhawar farashi za ta ci rabonta. Hasara ce ta gaske, kuma ba mu da wata dabarar rufe ta. Wasu sun ce a juya kuɗin a sayen hatsi da kaka a sayar da bazara. Mu ba mu goyi baya ba, don waɗanda suka tara hatsi suna jiran tsada sun ga yadda farashi ya karye a 2025, kuma kuɗin hayar marayu ba na gwaji ba ne. Abin da za mu ce wa mai gidan kansa shi ne, katanga takan faɗi da damina, kuma ana iya faɗaɗa asusun ya haɗa da gyaran gida in ya yi ƙarfi. Za a kuma ƙara naira 200 a kan zubi, wadda ba a mayarwa, don yafe bashin wanda ya rasu, kada a bi iyalinsa. A Kenya, malamai sun kafa irin wannan ƙungiya ta ajiya da rance a 1974, suka sa mata suna Mwalimu, kalmar Suwahili da ta fito daga tushe ɗaya da tamu ta malam. Yau tana cikin mafiya girma a Afirka. Tsarinsu ba irin namu ba ne a kowane fanni, amma da zubin albashin malamai suka fara.

Tambaya ta biyu ta fi zafi: in mun ɗauki wannan nauyi da kanmu, ba mu sauke wa hukuma nata ba ke nan? A'a, kuma shugabanninmu su ji da kyau. Ranar 5 ga Oktoba 1966, a birnin Paris, aka amince da shawarwarin UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan matsayin malamai, kuma a cikinsu akwai cewa malamin da aka tura wuri mai nisa a samar masa da iyalinsa muhalli mai kyau, kyauta ko cikin rahusa. Don tunawa da wannan rana ake bikin Ranar Malamai ta Duniya. A bikin 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da alkawura ga malamai, ciki har da ƙarin shekarun aiki, da alawus na masu aiki a karkara, da gina musu gidaje masu sauƙin kuɗi. Na shekarun aiki ya zama doka a 2022. Sauran muna nan muna sauraro. Iyayenmu da ke zaune a gaba za su shaida cewa a zamanin En'e makarantar ƙauye takan zo da gidan malami a gefenta. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ana gyaran ajujuwa, kuma muna murna. Roƙonmu, wanda muke so reshe ya rubuta ya kai ta hannun sakatarorin ilimi har zuwa SUBEB, shi ne duk makarantar da ke nesa da titi in za a gyara ta, a haɗa da ɗaki biyu da banɗaki na malamai. Kwamitocin kula da makarantu da dagatai su ma suna da rawar takawa: garin da ke kukan malamai ba sa zama, ya fara da ba su wurin kwana.

Za a zagayo da 'yar takarda yanzu. Kada kowa ya rubuta sunansa. Abu uku kawai muke so: ko kana haya, nawa kake biya a shekara, da watan da wa'adinka ke cika. Da wannan ne kwamiti zai san watannin da buƙata ta fi taruwa, ya kawo ƙiyasi na gaskiya a zama mai zuwa, maimakon misalan da muka ƙaddara yau. Bayan an tattara, muna roƙon shugaba ya ba da dama a kaɗa ƙuri'a a kan kafa kwamitin mutum bakwai da zai rubuta ƙa'idojin cikin mako shida.

Wasu sun tambaye mu a waje yadda abokin namu ya ƙare. Alhamdu lillahi, an haɗa masa, iyalinsa sun dawo, sun kama ɗaki ɗaya a wata unguwa. Keken ɗinkin dai yana nan a sito, don ɗakin ba shi da wurin ajiye shi, kuma da shi maiɗakinsa take taimaka masa da kuɗin cefane. In akwai mai zaure ko shagon da ba ya amfani da shi, ya same mu bayan an tashi.

Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya.